Kunamar Lal Marjan

Shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Lal Marjan a kasuwar Darra, garinmu na maƙeran bindiga. Bangon ma na laka ne, da 'yar kafa a sama inda muke miƙa wa juna shayi. Ɗan baffana ne, ya girme ni da shekara tara, saboda haka Lala nake ce masa, yadda muke kiran babban wa. Sauran mutane Ustad suke ce masa, wato gwanin sana'a. Ni aikina rinin ƙarfe, in tsoma bindiga a tukunya ta fito baƙa wuluk tana sheƙi. Shi kuwa kunamar bindiga. Kunama kawai, ba ƙari. A garinmu kowa da abin da hannunsa ya iya, wani bututu, wani ƙota, wani gidan harsashi. Amma in ka ga mutum ya naɗo ƙaramar bindiga a tsumma ya shigo layinmu yana ɓata rai, to ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja ne ya ƙi daɗi, kuma wurin Lala za shi.

Gajere ne, siriri, tabarau a kan hanci, bakinsa kuwa Allah ya kiyaye. Ba kowace bindiga yake yarda ya taɓa ba. Tasa ita ce ta da, siririyar nan da muke kira 'yar-talatin, da 'yan'uwanta masu 'yar guduma a fili ta baya. Irinsu sai ka ɗana gudumar kafin harbin farko, kunama ba ta da aikin komai sai ta sake ta. Daga nan bindigar ke ɗana kanta bayan kowane harbi. Da aka fara shigo da sababbin nan na zamani, waɗanda kunama ke ɗanawa kuma ta saki, in an kawo masa da yatsa biyu yake ɗauka.

"Kunama ɗaya aiki biyu?" in ji shi. "Ka yi ta ja kamar mai jan guga, kafin ta tashi bakin bindiga ya nufi garin Kohat. Ɗauke min robar nan daga gabana."

In kuwa ta da ce, sai ka ga mutumin ya sake. Ya shafa gefenta, ya nuna maka yadda take kwanciya a tafin hannu ba ta cika shi ba, yadda in ka miƙa hannu take duban inda idonka ke duba. Abin da ya fi so a jikinta shi ne ba ta canza hali: ja na farko da ja na takwas ɗaya ne. Ka ɗora yatsa, ka ji ta tsaya, ka ƙara kaɗan, ƙas, kamar an karya busasshen tsinke. Na sha harba bindigogin da suka bi ta hannunsa, kuma wallahi ba don ɗan'uwana ba ne, sai ka ji kamar kai ne gwanin, alhali aikinsa ne.

Yana da iyaka. Akwai wata tsohuwar butar tagulla da yake cikawa da ruwa ya rataya a kunama da zare. In gudumar ta faɗi, to ta yi laushi da yawa, sai ya sake aiki. Dole ta ɗauki butar a cike, sai an ɗora mata nauyi a kai kafin ta saki. Manyan mutane sun zo sun roƙe shi ya sassauta ƙasa da haka, ya kore su. Shekara arba'in ba a taɓa jin bindigar da ya gyara ta tashi ba a ce mata tashi ba. Da wannan yake taƙama, ba da gida ko gona ba, don ba shi da su.

To, ga yadda abin ya faru.

Kowa ya san ba a ɗaukar amarya a wajenmu sai an harbi alama. Dangin amarya su kafa ƙwai can a jikin dutse, dangin ango su yi ta harbi. Ba a samu ba, ba abinci, ba amarya, sai dariya. Akwai wasu ƙauyuka biyu a bayan dutsenmu da ke yi da ƙaramar bindiga, taku talatin, wai da doguwa ko makaho ya samu. Shekara biyu kafin wannan magana, mutanen ƙauyen ƙasa suka je ɗauko amarya a ƙauyen sama, suka yini suna ɓarin harsashi ƙwai yana kallonsu, har sai da tsofaffi suka sa baki. Babban maharbin ƙauyen ƙasa wani saurayi ne Toriyalai, direban babbar mota, ɗan shekara ashirin da shida. Wanda ya kafa ƙwan kuwa Samandar ne, babban ɗan Haji Zarwali na ƙauyen sama. Kashegari Samandar ya aika wa Toriyalai da tandun kwalli, wai ya riƙa sakawa ko idonsa zai buɗe. Toriyalai ya ce a gaban jama'a, "Ku faɗa masa wani karon zai ga inda harsashina ke zuwa." Mutane suka yi dariya, suka kuma riƙe maganar.

Wata Talata da hantsi sai ga Toriyalai a layinmu. Ina gindin tukunyata, komai ina ji ta kafar bango.

"Sannu da aiki, Ustad."

"Yauwa. Me ka kawo?"

Ya kwance tsumma. 'Yar-talatin ce ta kakansa, ta asali, wadda aka tsallako da ita daga bayan iyaka tun ba a haife shi ba, rininta duk ya goge. Na ji Lala ya ɗana ya ja, ya ɗana ya ja.

"Wa ya ce maka tana da ciwo? Lafiyarta ƙalau."

"So nake ta ƙara laushi."

"Ta kai inda ya kamata."

"Ustad, jibi za mu ɗauko wa ƙanena 'yar Haji Zarwali. Samandar ne zai kafa ƙwan."

"To je ka koyi harbi mana. Kwana biyu ai da yawa."

Saurayin ya roƙa, ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da iyaye, Lala ko ɗaga kai bai yi ba. Can na ji yana naɗe tsumma, yana cewa kamar da kansa yake magana, "Dama an faɗa min. An ce in tafi kasuwar sama, akwai mai mayar da ita kamar numfashi. An ce kai yanzu hannunka ya soma rawa, shi ya sa kake fakewa da buta."

Na ce a raina, shi ke nan, ɗan banzan nan ya samo ƙofa.

"Ajiye ta," in ji Lala.

Har la'asar yana kanta, ko abinci bai ci ba. Na leƙa na ga ya zubar da rabin ruwan butar ya rataya, gudumar ta faɗi. Kafin ya miƙa, ya gindaya sharaɗi uku. Harsashi ɗaya za a riƙa sa mata, ɗaya tak, a harba a sake sa wani. Kashegarin biki a dawo da ita ya mayar da ita yadda take. Sannan kada ɗan Adam ya ji cewa Lal Marjan ya yi irin wannan aiki. Ya sauko da Alƙur'ani daga kan kanta, Toriyalai ya dafa ya rantse.

Da ya tafi na sa baki a kafar na ce, "Lala, me ka yi haka?"

"Kula da tukunyarka, Mirajan, mai baƙin hannu kawai."

Amma da na zagaya na same shi fuskarsa har sheƙi take. Ya ce min a hankali, "Ban taɓa yin irinta ba. Da ka taɓa ka ji." Abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau, daɗi yake ji.

Ran Alhamis bayan azahar labari ya iso kasuwa. Toriyalai ya fasa ƙwan da harsashi na biyu. Samarin ƙauyensu suka yi kansa da ihu, wannan ya rungume, wannan ya ɗaga shi. Ƙarfen saman bindigar, wanda muke ce wa marfi, yana maƙale a baya tun da harsashi ya ƙare. Wani abokinsa ya zare gidan harsashin ya cusa masa cikakke, wai a yi harbin murna a sama. Cikin wannan hayaniya wa zai tuna sharaɗi? Toriyalai ya saki marfin. Bindiga ta tashi sau biyu. Samandar yana tahowa yana dariya, hannu a miƙe zai gaishe shi, harsashi ɗaya ya same shi a ƙasan wuya. Kafin a kai shi mota ya cika.

Ba a ɗauki amarya ba. Haji Zarwali ya binne ɗansa, sauran 'ya'yansa uku suka sauko da dogayen bindigogi. Dattawa suka yi maza suka ajiye dutse tsakanin gidajen biyu: kwana bakwai babu mai taɓa wani, sai jirga, wato majalisar dattawa, ta zauna. In ta ce da gangan ne, a ɗauke dutsen, jinin Toriyalai ya halatta. In ta ce tsautsayi ne, a kai rago a nemi gafara. Shaidu kuwa sun fi ashirin da suka tuna maganar kwalli da amsar da ya bayar. Shi kuma abu ɗaya yake ta faɗa, "Ban taɓa kunama ba." A tambaye shi to yaya ta tashi, sai ya sunkuyar da kai. Ya rantse, ba zai faɗa ba.

Dattawa suka ce a nemo wanda ya fi kowa sanin kunama ya duba bindigar. Wa za a kira in ba Lal Marjan ba? Ba wanda ya san ta bi ta hannunsa. Mutum nawa ke shiga shagonsa a yini?

Ana gobe zama na shiga wurinsa na ja ƙofa. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tsoro ne ya kai ni. Jini a wajenmu ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. In ba a samu mai laifi ba, ɗansa. Lala kuwa ɗa ɗaya gare shi, Zamarak, malamin makaranta a Kohat da bai san ko yadda ake riƙe bindiga ba. In ba ɗa, ɗan baffa. Ɗan baffan kuwa ni ne.

Na ce, "Lala, ka duba ta, ka ce Allah ne masani, ka dawo gida. Ba kai ka cusa masa harsashi takwas ba. Ka faɗa masa ɗaya, ya ƙi ji."

Yana zaune a tabarma hannu biyu a cinya, kayan aiki a jere bai taɓa ko ɗaya ba. Kwana shida ke nan haka.

"Ka tuna Zamarak. Matarsa ciki gare ta."

"Na ji."

"Na ji me? Za ka yi shiru ko ba za ka yi ba?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Zuba mana shayi, Mirajan."

Na fita ban zuba ba.

An yi zaman a wani fili tsakanin ƙauyukan biyu, gindin wata babbar bishiya, dutse a bayanmu. Kowa ya bar makaminsa a ƙofar masallaci kamar yadda aka saba, saboda haka bindiga ɗaya ce a filin, ga ta can tsakiya a kan mayafi. Mutum ya fi ɗari, an yi da'ira. Toriyalai na zaune tsakanin baffanninsa, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata. Daura da shi, taku goma, Haji Zarwali, dogo, farin gemu, 'ya'yansa uku a bayansa. Malik Baz Gul ne ke jan zaman, tsoho mai magana a hankali.

"Ustad," in ji shi, "tambaya ɗaya ce. Bindigar nan tana iya tashi ba a taɓa kunama ba?"

Lala ya ɗauka, ya tabbatar babu komai a ciki. Ya ja marfi ya saki. Guduma na tsaye. Ya sake, ya sake. Tana tsaye. Ya ce a ba shi harsashi. Ya cika gidan, ya juya wa jama'a baya ya fuskanci dutse, ya riƙe ta da hannu biyu, yatsansa a miƙe a gefe kowa na gani. Ya saki marfi. Shiru. Ya zare, ya sake shiryawa, ya saki. Shiru. Sau biyar.

"Kun gani ko!" in ji ɗaya daga 'ya'yan Haji, har ya miƙe. Aka zaunar da shi.

Allah na tuba, daɗi na ji. Na ce bindiga da kanta ta rufa mana asiri. Ban dubi inda Toriyalai yake ba.

"To, Ustad, mun ga amsa," in ji Malik. "Allah ya saka. Koma ka zauna."

Bai zauna ba. Ya zare harsashin ya ajiye ta a mayafi, ya ce, "Ba ku ga amsa ba. Tana iya tashi. Ni na yi mata aiki ran Talata, na sassauta ta ƙasa da yadda ya halatta. Toriyalai, na warware maka rantsuwar. Faɗa musu."

Saurayin ya fashe da kuka. Namiji ƙato a gaban mutum ɗari. Ni kuwa na soma ƙirga taku tsakanina da hanya.

Da hayaniya ta lafa Haji Zarwali ya yi magana, muryarsa a dishe. "Ustad, kada ka yi min haka. Bindigata kai ka gyara, ta mahaifina kai ka gyara. Shekara arba'in wa ya taɓa jin kunamarka ta ci amana? Tausayin yaron nan ne ya kama ka, kake ɗora wa kanka abin da ba ka yi ba. Ga ta nan ka gwada sau biyar a idonmu ta ƙi."

Sai ga kawuna na gyaɗawa ko'ina. Tirƙashi! Sunan da ya ƙarar da rayuwarsa yana ginawa shi ne ya tsaya masa a hanya. Mutum yana cewa ni ne, ana ce masa haba, ba kai ba ne. Na san in na tashi na ce na ji komai ta kafar bango za a saurara. Ban tashi ba. In tashi in ce me, in sa kaina a layi? Na dafe gwiwa na zauna.

Lala ya je ya tsuguna gaban Toriyalai. "Share fuska. Yaya ka riƙe ta?"

"Hannu ɗaya, Ustad."

"Da ƙarfi?"

"Ina fa. Ana ta jijjiga ni. Da kyar ma take hannuna."

Lala ya dubi hannayensa ya jima. Sannan ya miƙe ya ce, "Laifin hannuna ne. Ya saba, yana danne ta, ba ya barin ta ta girgiza. A ba wani ya riƙe da hannu ɗaya." Ya juya. "Haji, kai za ka riƙe. Ko wa ya riƙe ba kai ba, za ka ce an haɗa baki."

Fili ya kaure. Baffannin Toriyalai suka miƙe tsaye. A ɗauki bindiga cike da harsashi a danƙa wa uban mamaci, taku goma daga wanda ake tuhuma, a wurin da ba mai makami? Malik ya ce wannan bai taɓa faruwa a jirga ba, kuma ba a gabansa za a fara ba. Ana cikin haka Toriyalai ya ɗaga kai ya ce, "Ku ba shi." Babban baffansa ya ce ya rufe baki. Ya sake cewa, "Ku ba shi. Gobe ma ai zai same ni."

Aka ba shi. Lala ya kai Haji bakin da'ira ya fuskantar da shi dutse, ya miƙar masa da yatsa a gefen bindigar, ya nuna masa inda zai danna da babban yatsa. Haji ya matse ta kamar zai karya. Ya danna. Marfi ya rufe, ƙarar ƙarfe kawai.

"Ka ga?" in ji Haji. "Ya isa haka."

"Sau ɗaya kuma, Haji."

"Ustad, ɗana na binne. Ba wasa na zo yi ba."

"Don girman Allah. Ɗaya kawai. In ta ƙi, na yi shiru."

Lala ya karɓa ya sake shirya ta ya mayar masa. Wannan karon Haji ko duban ta bai yi ba. Ya gaji da mu duka. Ya riƙe ta sako-sako, fuskarsa a juye wajen Malik zai ce wani abu, ya danna.

Tas-tas!

Ƙura ta tashi a jikin dutse wuri biyu. Bindigar ta yi tsalle har ta kusa suɓuce masa. Yatsansa na nan a miƙe a gefe, mutum ɗari sun gani, shi ma ya sunkuya yana kallon yatsan kamar ba nasa ba.

Sannan ya soma juyowa, da bindigar a hannu. Saura harsashi shida a ciki, guduma a ɗane. Bakinta ya bi ta kan mutane, duk inda ya nufa sai ka ga an kwanta. Ya bi ta kaina, ni ma na kwanta. Ya iso kan Toriyalai. Saurayin bai kwanta ba, ya rufe ido kawai. Bakin bindigar ya ɗan tsaya a nan, ya wuce, ya tsaya a ƙirjin Lala, taku uku. Yatsan Haji ya soma lanƙwashewa yana neman wurinsa.

"Haji," in ji Lala, da muryar da yake yi wa mai saye bayani, "in ni kake so ga ni, haƙƙinka ne, ba mai bin ka jinina. Amma fitar da yatsan tukuna har ka gama shawara. Wannan ba ta jiran mutum ya gama tunani."

Yatsan ya tsaya.

"Haka ta yi a hannunsa?"

"Haka ta yi."

"Saboda ƙwai."

"Saboda ƙwai. Da kuma don an ce hannuna na rawa."

Hawaye na bin gemun Haji bai share ba. Can ya ce, a hankali har sai da na kasa kunne, "Karɓe ta. Ban san yadda zan ajiye ta ba."

Lala ya matsa gefe, ya kama ta ta sama ya karkatar da bakinta ƙasa, ya zare ta daga yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya. Ya fitar da harsashi. Ya kwance ta a kan mayafin, ya ciro ɗan ƙarfen da ya yini yana gyarawa, bai kai ƙwayar wake ba, ya ɗora a kan dutse ya sa wani dutsen ya daka.

Kafin la'asar jirga ta yanke: tsautsayi ne. Toriyalai zai kai rago. Lal Marjan kuwa ba zai sake taɓa kunama a Darra ba har ya mutu. Ya ce ya ji. Ya kuma cika, shekara shida ya ƙara a duniya, shagon a rufe, yana zama a bencin mai shayi. In aka nufo shi da abu a tsumma sai ya tashi ya bar wurin.

Ranar kai rago, dangin Toriyalai suka tafi da dattawa da limami. Ba wanda ya ce Lala ya je, amma ya sayi nasa ragon. Da sassafe ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ya miƙo min igiyar ragon. Kunyar abin da na yi a filin nan ba ta bar ni na ce a'a ba. Muka bi bayansu a ƙafa har ƙauyen sama.

Haji Zarwali ya fito ƙofar zaure. Toriyalai ya durƙusa ya kama gefen rigarsa. Tsohon ya jima yana kallon ƙeyarsa, sannan ya ɗago shi ya rungume, ya ce ya yafe duniya da lahira, a zo a ɗauki amarya bayan arba'in, ba harbi. Aka karɓi ragon aka yanka a nan bakin ƙofa. Mutane na ta kabbara.

Sai Lala ya matso da namu. Haji ya ɗaga masa hannu tun bai ƙaraso ba.

"Ustad, ka faɗi gaskiya, ka hana ni kashe wanda bai ci ba bai sha ba. Ba zan taɓa ka ba, 'ya'yana ba za su taɓa ɗanka ba, dattawa shaida ne. Amma koma da ragonka."

Ya shige gida.

Haka muka juyo, ni ina jan igiya, shi yana tura ragon ta baya, dabbar banza sai tirjewa take. Na ce mu bi ta bayan gari. Ya ƙi. Ta tsakiyar kasuwa muka bi da rana tsaka, masu bututu da masu ƙota duk suka ajiye aiki suka fito bakin shago, kowa ya ga ragon ya dawo da ransa, kowa ya san abin da hakan ke nufi: ba a yafe ba. Ni har kaina ya yi nauyi don kunya, ina ta zagin ragon don in sami abin yi da bakina.

Daf da layinmu ya tsaya yana haki. Ya ce, "Mirajan, idona bai gani sosai daga nesa ba. Da gaske ya rungume yaron?"

Na ce da gaske, da hannu biyu.

Ya ce, "To, ja mu tafi."